Baƙin gindin tukunya: inda muke kuskure da wuta, da yadda za a gyara

Duk wadda ta taɓa durƙusawa da soson ƙarfe tana kankare gindin tukunya ta san wahalar baƙin nan. Abin da ke damuna shi ne, baƙin nan makamashi ne da aka saya da kuɗi amma bai ƙone ba. Itace da kananzir da gas duk suna ɗauke da sinadarin kabon. In ya samu isasshen oksijin sai ya ƙone tas. In bai samu ba sai ya dunƙule ya zama 'yan ƙwayoyi baƙaƙe, su ne kunkunniyar da ke maƙale a rufin kicin. Jan harshen wutar ma da muke gani, ƙwayoyin nan ne suka yi zafi suna haske. Oksijin kuwa kashi 21 cikin 100 ne kacal na iskar da muke shaƙa, shi ya sa wuta ke cin iska fiye da yadda ake zato.

Wani kuskure da ake yawan yi yana wajen masu girki da gas. Da wuta ta koma ja, sai a ɗora wa mai sayar da gas laifi. Sau da yawa matsalar tana jikin murhun. A ƙarƙashin kansa akwai 'yar ƙofa da gas ke jawo iska ta cikinta, su gauraya kafin su isa wuta, dabarar da aka sani da sunan Robert Bunsen na Jamus tun 1855. Gas ɗin girki yana buƙatar iska ninkinsa 24 zuwa 31. To miya ta zube ta bushe a ramukan, ko gizo-gizo ya yi saƙa a bututun, ina iskar za ta bi? A rufe gas, a bari kan ya huce, a cire shi a wanke, a tsokane ramukan da tsinke, a bar shi ya bushe sarai. In murhun yana da abin daidaita iska, a riƙa buɗe shi kaɗan-kaɗan har wutar ta yi shuɗi. In ta fara ƙugi tana tashi daga kan murhun, iska ta yi yawa, a ɗan rage. Don Allah kada a faɗaɗa ɗan hujin da gas ke fitowa da allura wai don wuta ta ƙaru. Gas ne zai ƙaru, iskar ba za ta kai shi ba, baƙin ya ninku.

Lokacin hunturu ƙura kan sa shuɗiyar wuta ta riƙa walƙiyar ruwan lemo. Wannan ba komai. A duba gindin tukunya, in bai yi baƙi ba murhun lafiyarsa lau.

Masu risho da fitilar ƙwai, nasu kuskuren a lagwani yake. Ana ɗaga shi sama don a samu wuta babba, sai kananzir ɗin da ke tashi ya fi ƙarfin iskar da ke shigowa, nan take ƙwan fitila ya yi baƙi. A rage shi, a datse bakinsa ya daidaita, a share ramukan ƙasa. A risho kuma, gwangwanayen nan masu huji-huji su ne hancinsa. A jira su yi zafi wuta ta koma shuɗiya kafin a ɗora tukunya.

A murhun itace, cusawa ce illar. An cika shi maƙil, toka ta toshe ƙasa, ga itacen ɗanye, sannan tukunya ta danne harshen wuta. Sanyin gindin tukunya yana kashe wutar kafin ta gama cinye kabon ɗin. Faskare uku ko huɗu busassu, da sarari a tsakaninsu, sun fi dami guda da aka cusa.

Wanda ke son ganin abin da idonsa ya tsaya wajen mai waldar gas. In ya kunna gas ɗin shi kaɗai, wutar ja ce, baƙin hayaƙi yana tashi kamar zare-zare. Yana murɗa oksijin sai ta tsuke ta yi shuɗi, zafinta ya haura digiri 3,000 a ma'aunin Celsius, hayaƙin ya ɓace.

Kuskuren da ke kisa shi ne shiga ɗaki da kaskon gawayi saboda sanyi a rufe ƙofa da taga. Gawayi ba ya hayaƙi sosai, sai a ɗauka lafiya ne, alhali idan oksijin ya yi ƙaranci yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wato hayaƙin girki da makamantansa gaba ɗaya, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020. Kada a kwana da garwashi a ɗaki. In ciwon kai, jiri ko tashin zuciya ya kama mutanen ɗaki lokaci guda, a fitar da kowa waje nan take, a buɗe ko'ina, a garzaya asibiti.