Kurakuran da aka fi yi wajen tausar Rasha, da yadda za a gyara

Mutane da yawa suna shiga gidan tausa da tunanin sai an matsa su har sun cije leɓe sannan kuɗinsu ya biya. Da sun ji an ce tausar Rasha ce, sai su ƙara ɗaura ɗamara, wai ai Rashawa ƙarfafa ne. Wannan shi ne kuskuren da ya haifi sauran. A can ƙasar, tausa reshe ce ta aikin asibiti. Tun 1882 likita Isidor Zabludovsky ya rubuta bincikensa a birnin Santa Fitasbag kan abin da tausa ke yi wa jikin mai lafiya, daga baya kuma Ivan Sarkizov-Serazini ya kafa harsashin tausar 'yan wasanni a Mosko a zamanin Tarayyar Sobiyet. Abin da suka koyar tsari ne: a fara da shafa a hankali, a koma murza don jiki ya ɗau ɗumi, sannan cuɗa tsoka, wadda ita ke cin mafi yawan lokaci, sai girgizawa ko bubbugawa, a rufe da shafa kuma.

Tsokar da ta sanƙare, idan aka danne ta da ƙarfi kafin ta yi ɗumi, ƙara ɗaurewa take yi don ta kare kanta. Ka biya kuɗi a kwance maka ƙulli, an ƙara ɗaure shi ke nan. Alamar tana da sauƙin ganewa: idan ka ga kana riƙe numfashi, ko kafaɗunka suna hawa wajen kunne, hannun ya yi nauyi. Ka ce a sassauta. Kunya ce ke hana da yawanmu magana, sai a kwanta ana shan azaba shiru kamar an zo gwajin jarumta. Ɗan tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan tausa ba komai ba ne, amma tabon kwanciyar jini a fata shaida ce cewa an wuce gona da iri.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne ɓoye tarihin lafiya. Ana ba mutum takarda ya cike, sai ya bi ya sa "babu" a kowane layi don sauri. Mai zazzaɓi, mai ciwon fata da ke yaɗuwa, mai sabon targaɗe da ya kumbura, duk su dakata. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, mai ciki, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai ƙari a jiki, su fara ganin likita. Wanda kuma sha-raɓarsa ɗaya ta kumbura, tana zafi tana ciwo, asibiti zai nufa a ranar. Yana iya zama gudan jini ne ya daskare a jijiya, kuma cuɗawa na iya tura shi zuwa huhu, abin da ke iya yin kisa nan take.

Su ma masu tausar suna da nasu. Wasu kan kwarara mai har hannu ya dinga zamewa, alhali salon Rasha mai kaɗan yake so, wani lokaci ma hoda ake sawa, domin yatsu su kama tsokar su ɗaga ta. Wasu kuma ba su kula da inda hannu ya dosa. Ƙa'idar ita ce daga tafin ƙafa zuwa gwiwa zuwa matsematsi, daga yatsu zuwa hamata. Amma wuraren kaluluwa kansu, wato hamata, matsematsi da bayan gwiwa, ba a cuɗa su, haka ma ba a danna ƙashin baya kai tsaye.

Sai tatsuniyoyi. Rashawa kan ce "gishiri ya taru" a wuyan mutum, tausa ce za ta farfasa shi. Babu wani gishiri a can. A wasu wuraren kuma za a ce maka an fitar maka da guba, ka sha ruwa da yawa ta fita. Sha ruwanka don ƙishirwa, aikin tace jini na hanta da ƙoda ne.

Gidajen da ke haɗa tausa da banya, wato ɗakin wankan tururi na Rashawa irin na Sanduny da ke Mosko tun 1808, suna da nasu tarko. A ciki ana amfani da damin rassa masu ganye da suke kira venik, wanda duk wanda ya san ganyen wankan jego zai gane shi da gani ɗaya. Kuskuren shi ne ɗaukarsa bulala. Ana jiƙa shi ya yi laushi, a kaɗo tururi zuwa jiki da shi, a danna, a ɗan bubbuga. Kada a shiga da cikakken ciki, a bar kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu bayan cin abinci, barasa kuwa ba ta haɗuwa da zafin nan ko kaɗan. A sa hular da suke bayarwa don kare kai, kuma da an ji jiri a fito.

Na ƙarshe shi ne zuwa sau ɗaya a jira mu'ujiza. Likitocin Rasha sukan rubuta tausa kamar magani, zama 10 zuwa 15, kullum ko bayan kwana ɗaya. Ko hakan ma, wanda zai koma ya duƙa kan waya ko kwamfuta awa takwas, wuyansa zai koma gidan jiya. Ya ɗaga allon zuwa daidai idonsa, ya riƙa tashi yana miƙa kowane rabin awa. Idan kuma ciwon ya zo da mutuwar hannu, ko yana sauka ƙafa kamar wutar lantarki, likita ne zai fara duba shi kafin mai tausa ya taɓa.