Kafin ka sa wa motar zuwa aiki kamshaf na motar tsere

Salam jama'a, masu zuwa Suame Magazine, kasuwar kayan mota ta Kumasi, neman babban kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul ɗin inji, ku bi a hankali. Shi wannan kam ɗin yana barin bawul a buɗe ya daɗe, ƙarfinsa sai inji ya hau sama sosai yake fitowa, kai kuma kullum kana cikin goslo tsakanin Kejetia da Sofoline, giya ɗaya giya biyu, to ina amfanin? Silo, wato jujjuyawar inji ba a taka totur ba, zai lalace, mota na karkarwa a tsaye, mai ya ƙaru, har birki kan yi tauri don iskar da inji ke zuƙa daga busta, mai sa birki ya yi laushi, ta ragu.

In dole ne, ka ɗauki kam mai sauƙi, a canza sifirin bawul tare, makaniki ya auna kar fistin ya taɓa bawul, sannan a saita ECU, wato kwamfutar inji. Wanda ya ce ba sai an saita ba, wallahi ɗauke motarka.

Silinda hed kuwa a wanke, a gyara mazaunin bawul, sabon gasket mai kyau. Kar a kankare shi da yawa, kwamfireshan zai hau, sai inji ya fara ƙwanƙwasa da fetur mai lamba 91, ka koma sayen 95 kullum.