Yadda ake cin moriyar buhun algarara

Tun da buhun leda ya cika kasuwa, yaran yanzu suka ɗauka algarara ta zama tarihi. Mu masu goro a Daura kuwa, ba ma shimfiɗa faifai sai da ita.

Saƙa ce mai kaushi daga zaren wani tsiro ɗan'uwan lalon da muke miya da shi, wanda aka fi nomawa a Indiya da Bangaladash. A irin buhunanta aka jera dalar gyaɗa a Kano. Duk amfaninta ya tsaya kan abu biyu: tana shan ruwa ta riƙe, kuma iska na ratsa ta.

In za ka saya, fara shinshinawa. Sabuwa kan yi wari kamar na kananzir, saboda man da ake tausasa zaren da shi a masana'anta. Jiƙa ta, ka ɗauraye, ka shanya har warin ya fita. In tsohon buhu ne, tambayi abin da aka zuba a ciki. Wanda ya ɗauki taki ko maganin ƙwari kada ya kusanci abinci, ko kyauta aka ba ka.

Wajen goro ne ake gane gwani. Yanki ƙyalle daidai faɗin faifanka, ka tsoma a ruwa, ka matse har ya daina ɗiga, sannan ka lulluɓe. Danshi kawai ake so. Ruwa ya yi yawa, goro ya ruɓe. Ƙyallen ya bushe, goro ya yamushe, mai saye ya taɓa ya wuce. Da hunturu sai ka riƙa yayyafi a kai a kai, don iskar nan ba ta barin komai da laima. Ni da bayan hannu nake gwadawa: in na ji sanyi ba tare da hannun ya jiƙe ba, ya yi.

Ruwan sha kuma, naɗe jarka da algarara, ka ɗinke da basilla ta kama jikinta sosai. Jiƙa ta, ka rataye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Yayin da ruwan jikin buhun ke bushewa, yana janye zafin na ciki, kamar dai yadda randa ke yi. A zafin Afrilu abin sai wanda ya sha. Da damina kada ka sa rai, iskar kanta a jiƙe take.

Albasa da dankali busasshen buhu suke so, a ɗora kan katako. Wake kuwa kada ka ba algarara amanarsa, ƙwaro zai shiga ta ramukan saƙar. Nemi buhun PICS, wato buhun ajiyar hatsi mai leda biyu a ciki da ke hana iska shiga.

In ka gama aiki da ita, shanya ta bushe ƙarau kafin ka ninke, ka ajiye a sama. Jiƙaƙƙiya funfuna take yi, ta ƙasa kuma rabon gara ce.