Jaje daban, ta'aziyya daban: yadda za ka kwantar wa ɗan'uwa hankali a Ikko

Wallahi abin da ya sa na yi wannan rubutu, wani yaro ne a layinmu nan Agege, an kwace wa maƙwabcinmu mashin ya je yana ce masa wai ya zo ta'aziyya, mutumin ya ɗago ya ce kai wa ya mutu? Dariya ta kusa kashe mu.

To bari in warware. In asara ce ta dukiya, gobara a kasuwa ko sata ko irin kamen mashin ɗin da ya yi yawa tun da aka hana okada (acaɓa) a wasu ƙananan hukumomi a Yunin 2022, jaje ake yi. Ka ce "ashe abin da ya faru kenan, Allah ya mayar da alheri, Allah ya kiyaye gaba." Kar ka tsaya tambayar nawa ya saya, ya sani ai.

Rasuwa ita ce ta'aziyya, kuma nan ne aikin yake, don mu mazauna Ikko yawanci a waya muke jin mutuwar, kafin ka nemi mota zuwa Kano ko Sakkwato an riga an kai mamaci makwancinsa, sai ka ga mutum zaune gaban kwandon tumatur a kasuwar Mile 12 ido jajir ba uwa ba dangi. Je ka zauna kusa da shi. Yi sallama, ka ce "ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta," a shafa fatiha, sannan ka yi shiru, ba wa'azi ka zo ba. In za ka tashi ka danƙa masa wani abu a hannu a ɓoye na kuɗin mota, ko ka ce tafi ni zan kula da shagon. Saƙon WhatsApp kawai ga wanda kuke unguwa ɗaya, gaskiya rowa ce.

Mara lafiya dubiya ake zuwa, "ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi," da ɗan lemo a leda. Yaro mai kuka rarrashi, wanda ya fusata kuma baki ake ba shi.

Maƙwabta Yarbawa za su ce maka pele, amsa musu da na gode, sannu ce tasu.