Yadda Za Ka Sa Wa Taurarin Labarinka Rai

Abin da ke kashe mini jiki a yawancin labaran soyayya da nake karantawa a waya shi ne tauraruwar da ba ta da aibi. Fara ce, doguwa, ga gashi har gadon baya, ga haƙuri, ga addini. Kishiyarta kuwa muguwa ce tun shafin farko, ba ta da aiki sai bin bokaye. Irin waɗannan ba sa zama a zuciyar mai karatu, domin bai taɓa zama gida ɗaya da irinsu ba.

Kafin ka rubuta layi ɗaya, ka san abin da tauraronka ke so da abin da yake tsoro. Ɗauki uwargidan nan da kake shirin mayarwa muguwa. A ce shekararta ashirin a gidan, 'ya'yanta huɗu duk mata. Lokacin da jarin maigidan ya karye a Kantin Kwari, ita ta sayar da sarƙarta da kwanukan jerenta ta ba shi. Yanzu Allah ya buɗa masa, ya yi amarya, ya gina mata ciki da falo. Ba sai ka ce mana tana da kishi ba. Nuna mana ita ranar girkinta, ta tsamo tsoka za ta sa a kwanon amarya, ta tsaya, ta mayar tukunya. Sannan ka bar ta ta zama ita ce ta kwana tsaye a asibiti daren da naƙuda ta kama amaryar. Duka biyun halinta ne. A nan nake so marubuci ya daɗe, don mace irin wannan kowa ya santa, ko a gidansu ko a maƙwabta.

Suna ma yana aiki. Tanko namiji ne da aka haifa bayan mata, Delu mace ce da ta biyo bayan maza, Gambo kuwa shi ke bin tagwaye. Da ka zaɓi ɗaya, ka riga ka faɗa mana matsayin mutum a ɗakinsu.

Sai magana. Rufe sunayen taurarinka da yatsa ka karanta hirarsu da ƙarfi; in ba ka gane wa ke magana ba, sake rubutawa. Basakkwace zai ce "shina zuwa", Bakano ya ce "yana zuwa". Yaron Damagaram lakkwal yake tafiya, na Zariya makaranta. Kada ka manta da alkunya: dattijuwa ba za ta kama sunan ɗanta na fari ba, matar da ta tashi a gidan gargajiya ba za ta kira mijinta da sunansa ba. Idan wata rana, cikin fushi, ta kama sunan nan gatsau a gaban mutane, mai karatu zai san auren ya girgiza ba tare da ka yi bayani ba.

Shi ya sa nake yawo da ƙaramin littafi. A Adaidaita Sahu, a layin asibiti, a gidan biki, ina rubuta yadda mutane ke tsawa, da yadda suke roƙo, da abin da hannunsu ke yi idan suna ɓoye magana. Ka gwada na mako guda, sannan ka koma wa babinka na farko ka cire duk inda ka yabi tauraruwarka da bakinka, ka sa mata aikin da za ta yi a gurbinsa.