Yadda za ka yi rajistar sunan shafinka na intanet ba tare da wani ya ƙwace maka ba

Shagona yana kusa da kasuwar Wunti a Bauchi, ina buga takardu ina kuma gina wa 'yan kasuwa shafukan intanet. Bara wata hajiya mai sayar da atamfa ta shigo tana kumfar baki. Yaron da ya gina mata shafi ya yi rajista da sunansa da imel ɗinsa, da suka saɓa ya tafi da abinsa. Na ce, "Hajiya, a rubuce shi ne mai shi, sai dai mu sayi wani."

To, ga yadda nake yi.

Ka fara zaɓar ƙarshen sunan. Mai .ng ko .com.ng na ƙarƙashin NiRA ne, hukumar da ke kula da sunayen intanet na Najeriya, ka saya a hannun kamfanin da ta amince da shi. Mai .com farashinsa dala yake bi, kai ma ka san abin da hakan ke nufi.

Wurin cike sunan mai mallaka nan ne ake yin asara. Ko wa zai danna maka kwamfutar, ka tsaya a kansa ya rubuta sunanka yadda yake a takardar NIN, ko sunan kasuwancinka na CAC. Imel da lambar waya su zama naka, kalmar sirri a hannunka. Galibi ba mai tambayarka katin shaida. A .com, ƙa'idar 2013 ta ICANN, hukumar da ke tsara sunayen intanet a duniya, ta ce a tabbatar da imel ko waya cikin kwana 15, in ba haka ba a dakatar da sunan. Saƙon tabbatarwar kan faɗa akwatin tarkace (spam) na imel ɗinka, ka leƙa can.

Ya kamata a wajabta katin shaida? Ƙasar Sin ta yi wa nata .cn haka, mu ma .gov.ng da .edu.ng sai da takardu. Ni dai da na sha rana a layin haɗa NIN da layin waya, ban ga ɗan damfara ya yi ritaya ba. Ka tsaurara .ng, ya koma ya sayi na waje. Amma da an nemi kati, ƙila da hajiya ta farga tun ranar farko cewa ba nata aka karɓa ba.

Sunan haya ne, shekara-shekara ake sabuntawa. Ka sa ƙararrawa a wayarka wata guda kafin wa'adin, kuma ka adana rasit ɗin biyan farko.