Darasi na 9: Idan Abokin Yaro Ya Tashi Daga Unguwa

Toh 'yan aji, yau maganar kewa za mu yi, amma irin ta yara. Mu manya in maƙwabci zai tashi ai mukan yi sallama, a yafi juna, a karɓi lambar waya shikenan. Shi kuwa ɗan shekara 5 ko 6 wayar gari kawai zai yi ya ga ana loda katifa da kwanuka a akori-kura, abokin da suke tafiya Islamiyya tare yana zaune a saman kaya, kuma ba wanda ya tsaya ya mishi bayani. Wani transfa aka yi wa babansa, wani kuɗin haya ne ya gagara, wasu kuma rashin tsaro ne ya taso su, kamar yadda ya faru a Borno tun daga 2009 da ƙauyukan Zamfara daga baya.

Sai ki ga yaro ya rage cin abinci, rigima ba dalili, wani ma fitsarin kwance ya dawo mishi. Mu kuma me muke cewa? "Dalla share, ba ga yara nan cike da layi ba." Gaskiya wannan maganar ba ta magani, rufe mishi baki kawai take yi.

Anan littafi mai hotuna yake da amfani, hoto ƙato, rubutu layi ɗaya ko biyu, kun ga daidai da mu masu koyon karatu kenan, jifa ɗaya tsuntsu biyu. Mai babbar waya zai samu irinsu kyauta da Hausa a shafin intanet na African Storybook, wanda ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu ta buɗe a 2014, ko shafin StoryWeaver na masu buga littattafai Pratham Books a Indiya da ya fara a 2015. A nemi labarin da ya taɓo abota ko tafiya.

In kun zauna kar ki yi saurin faɗawa kan rubutu. Nuna hoton ki tambaye shi, "me kake gani? me ya sa yaron nan ya zauna shi kaɗai?" sannan ki yi shiru, shirun nan shine aikin, don yaro ya fi iya faɗin damuwar na cikin hoto kafin ya ce "nima haka". In ya tambaya yaushe abokin zai dawo, kar a ce gobe alhali an san ba haka bane, zai yi ta zaman jira a ƙofar gida. A ce sun koma da zama can, amma za mu riƙa gaisawa. In ya ce a sake karantawa sau biyar a sake, haka yara suke.

In babu waya ko data, ku haɗa naku. Falle 2 na takarda a ninke tsakiya a ɗinke da zare da allura, shafi 8 kenan. Shi ya yi zane, ke ki rubuta a ƙasa, ko da hannun na rawa:

Wannan ni ne.
Wannan abokina ne.
Sun koma Kaduna.
Ina kewarsa.

Aikin gida: ku kammala sauran shafukan da jimlolin da yaron ya faɗa da bakinsa, banda gyara mishi magana. Mai lambar iyayen abokin ta ɗauki hoton littafin ta tura musu ta WhatsApp. Ranar aji mai zuwa kowa ya zo da nasa, za mu karanta a gaban allo ɗaya bayan ɗaya.